Garin Da Ba A Ciniki A Cikinsa

Jama'a, yau za mu leƙa ƙasar Amurka, can hamadar Black Rock ta Jihar Nevada, inda kowace shekara daga ƙarshen watan Agusta mutane wajen dubu 70 kan taru su kafa gari na mako guda, sa'an nan su rushe shi su watse. Sunan taron Burning Man, domin a ƙarshensa akan cinna wa wani ƙaton mutum-mutumi na katako wuta.

Wani mai suna Larry Harvey ne ya fara abin tare da abokinsa a bakin teku a San Francisco cikin 1986. Da jama'a suka yi yawa, hukuma ta hana su kunna wuta a wurin, sai suka ƙaura hamada a 1990. Manufarsu ita ce su huta da dokoki da kasuwanci. A cikin garin ba saye ba sayarwa, in ban da ƙanƙara. Kowa ya zo da ruwansa da guzurinsa, abin da ya samu kuwa ya ba maƙwabcinsa kyauta: wannan ya dafa shayi, wancan ya gyara kekuna.

To, amma fa mutum ba ya zama da mutum sai da doka. A 1996 wani ya mutu a haɗarin babur, wata mota kuma ta bi ta kan tanti da mutane a ciki. Shekarar da ta biyo aka hana bindiga, aka hana yawo da mota barkatai, aka shata tituna. Ga masu sasanta rigima, ga asibiti, ga takardar izni daga gwamnati. Watau dai waɗanda suka gudu daga hukuma sun kafa tasu.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne zancen kyautar nan. A 2023 tikitin shiga kaɗai dala 575 ne, ban da kuɗin mota da tanti da abinci. Ashe kafin mutum ya shiga garin da ba a taɓa kuɗi, sai ya zama mai kuɗi. Attajiran kamfanonin kwamfuta ma har da jiragen sama suke zuwa, da kuku da ma'aikata, su killace zangonsu, talakawan taron kuwa suna ta guna-guni. Baƙaƙen fata kuma 'yan kaɗan ne ƙwarai a cikinsu.

Duk da haka ba zan hana su yabo ba. Ran 1 ga Satumba na 2023 ruwan sama ya sauko, hamada ta zama caɓi, aka rufe ƙofa, aka ce kowa ya tsimi ruwa da abinci. Motocin kwashe bayan gida ma suka kasa shiga. A nan ne aka ga mai buhun shinkafa yana ciyar da wanda bai taɓa gani ba, mai busasshen tanti yana saukar da wanda nasa ya jiƙe. Waɗansu kuwa suka taka a ƙasa cikin laka har bakin kwalta, suka bar kayansu da shararsu ga masu aikin sa-kai. Sai ran 4 ga wata aka buɗe hanya.