An Rufe Asibitin Sea View, Jinyar ta Koma Gidanka

Mai karatu, a tsibirin Staten na birnin New York a Amurka akwai wani tsohon asibiti mai suna Sea View, wanda aka buɗe a 1913 domin masu tarin fuka. A wancan zamani babu maganin da ke kashe ƙwayar cutar. Abin da ake ba majinyaci shi ne hutu da abinci da iska mai tsabta, shi ya sa aka gina ɗakunansa da manyan barandu. Wasu sukan shekara biyu ko uku a kwance, da yawa kuma gawarsu ake fitarwa.

A 1951 likitoci biyu, Edward Robitzek da Irving Selikoff, suka fara gwada maganin isoniazid a kan majinyatan da aka fid da rai da su. Zazzaɓi ya sauka, cin abinci ya dawo. Zuwa 1961 an daina jinyar tarin fuka a wurin. Yau wani sashensa gidan kula da tsofaffi da masu farfaɗowa ne, tsohon masaukin ma'aikatan jinya kuwa ya zama gidajen dattawa.

Kada ka ɗauka cutar ce ta ƙare. A 2023 kaɗai ta kashe mutum sama da miliyan ɗaya a duniya. A ganina wurin jinya ne kawai ya sauya: aikin da ma'aikatan Sea View suke yi dare da rana ya dawo hannun iyali.

Wannan isoniazid ɗin yana cikin magunguna huɗu da ake fara bai wa mai tarin fuka a asibitocinmu, kuma wata shida ake sha. Bayan 'yan makonni tari zai lafa, jiki ya yi ƙarfi, a nan ne mutane da yawa suke ajiye magani. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba, domin ƙwayoyin da suka rage suna iya dawowa ba sa jin maganin.

Idan kana da majinyaci a gida, ka tsaya ya haɗiye maganinsa a gabanka kullum. Ka buɗe tagogi iska ta ratsa ɗakinsa, ka kai yara da sauran mutanen gida a duba su. Kada ka ƙyamace shi, domin ta iska cutar take yaɗuwa, ba ta kwano ko musafaha ba. Duk wanda tarinsa ya kai mako biyu, a kai shi gwajin majina tun da wuri.