Kajin Ƙanƙara da Cinikin Ƙasashe: Wane Ma'auni Za Mu Riƙe?

A watan Afrilun 2025 ofishin wakilin cinikayya na Amurka ya fito fili ya soki Najeriya saboda ta haramta shigo da kaya rukuni 25, ciki har da naman shanu, naman alade da naman kaji. A cikin watan ne kuma gwamnatin Shugaba Trump ta sanar da harajin kashi 14 cikin ɗari a kan kayan da Najeriya ke kai wa ƙasarta. Mai sauraron labarai zai iya cewa wannan zancen manya ne na Abuja da Washinton. Amma duk abin da aka yanke a can zai iso tukunyar miya a Rafin Guza, zai taɓa uwar da ke lissafin kuɗin cefane, da gwauruwar da ke kiwon kaji hamsin a bayan gida tana jiran kasuwar Kirsimeti. Shi ya sa ya kamata mu masu bi mu fahimci batun, mu kuma san inda za mu tsaya.

Dokar da ke kan takarda

Tun farkon shekarun 2000, zamanin mulkin Obasanjo, Najeriya ta hana shigo da daskararrun kaji da talo-talo. Dalili na farko shi ne kare masu kiwo na gida, na biyu kuma lafiyar jama'a. Har yau dokar tana nan. Duk da haka kowa ya san kajin ƙanƙara daga waje ba su daina zuwa kasuwa ba. Ana sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano a Jamhuriyar Benin, sa'an nan 'yan fasa-ƙwauri su bi da su ta ɓarauniyar hanya. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, musamman saboda shinkafa da kaji, aka fara buɗe wasu a Disamban 2020 ba tare da an ɗage haramcin ba. Hukumar Kwastam ta sha kama katan-katan ta binne ko ta ƙona, hukumar NAFDAC kuma ta sha gargaɗi cewa ana zuba wa irin wannan nama sinadarin fomalin, wanda ake adana gawa da shi, don kada ya nuna alamar ruɓa.

Ga inda haɗarin yake. Daskararren nama yana bukatar sanyi na digiri 18 ƙasa da sifili tun daga mahauta har zuwa shagon mai sayarwa. Kayan da aka ɓoye a cikin mota marar firiza, aka yi kwanaki ana kauce wa shingen jami'ai cikin zafin rana, dole ya narke. In aka iso gari sai a sake daskarar da shi, ya yi tauri kamar babu abin da ya faru. Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta irin su salmonela, tsayar da yaɗuwarsu kawai yake yi, da zarar naman ya narke sai su ci gaba. A unguwannin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, man janareta kuma ya yi tsada tun cire tallafin mai a 2023, wannan narkewa da daskarewa tana iya maimaituwa a cikin shagon ma. Tun da kayan haram ne, babu likitan dabbobi da ya duba shi, babu takardar da ta nuna daga ina ya fito, in yaro ya kwanta ciwo kuma babu wanda za a kama.

Yadda ƙasashe ke jayayya a kan kaza

Najeriya tana cikin Hukumar Cinikayya ta Duniya tun kafuwarta a 1995, kuma 'yar ƙasarmu Ngozi Okonjo-Iweala ce ke shugabantarta tun Maris na 2021. Ƙa'idar hukumar ta ba kowace ƙasa ikon kare lafiyar mutanenta da dabbobinta, da sharaɗi biyu: matakin ya dogara a kan hujjar kimiyya, kada kuma a nuna bambanci marar dalili tsakanin kayan gida da na baƙi. Wannan yana nufin ƙasar da ta ce "ba ma karɓar kaza mai kaza da kaza a jikinta, ga awon da muke yi wa kowa" tana da ƙafar tsayawa fiye da wadda ta rufe ƙofa kawai.

Misalai uku sun isa su koya mana darasi. Tun 1997 Tarayyar Turai ta ƙi karɓar kajin da aka wanke da ruwan kulorin, yadda wasu mahautan Amurka ke yi. Hujjarta ita ce wankin ƙarshe yana iya rufe ƙazantar da aka bari tun daga gona, don haka tsabta ta fara daga keji. Birtaniya ta riƙe wannan ƙa'ida ko bayan ficewarta daga Tarayyar, kuma a yarjejeniyar da ta yi da Amurka a watan Mayun 2025 ba ta sauke ta ba.

Afirka ta Kudu kuwa ba ta sami wannan sauƙi ba. A 2015 gwamnatin Obama ta yi barazanar janye mata gatan shigar da kayan gonarta kasuwar Amurka ƙarƙashin shirin AGOA, sai ta amince da karɓar tan 65,000 na kajin Amurka kowace shekara, aka kuma daidaita saɓanin da ke tsakaninsu a kan murar tsuntsaye da salmonela. Mai ƙarfi ya haɗa batun lafiya da batun kasuwa a ciniki ɗaya, ƙaramin ya zaɓi abin da zai iya rasawa.

Na ukun shi ne maƙwabciyarmu Kamaru. A 2004 wata ƙungiyar 'yan ƙasa mai suna ACDIC ta kai samfuran daskararrun kaji daga kasuwanni aka auna, aka tarar mafi yawansu ba su dace da cin ɗan Adam ba. Wata hukumar raya ƙasa ta ikkilisiyoyin Jamus ta tallafa wa wannan gwagwarmaya, jama'a suka ɗaga murya, gwamnati ta taƙaita shigo da kajin. Hujjar awo ce ta ba su nasara.

Namu na gida fa?

A nan ne ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya, domin laifi tudu ne, mutum yakan taka nasa ya hango na wani. Murar tsuntsaye mai tsanani da aka fara tabbatarwa a Najeriya, a Fabrairun 2006, a wata gonar kaji ce a Jaji, nan kan hanyar Zariya, tafiya kaɗan daga Kawo. Cutar ta sake dawowa ƙasar nan sau da dama. Masu kiwo da yawa suna ba kaji maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da shawarar likitan dabbobi ba, wasu kuma ba sa jiran kwanakin da aka rubuta a jikin maganin kafin a yanka ko a sayar da ƙwai. Ragowar maganin tana shiga jikin mai ci, ƙwayoyin cuta su saba da shi, ran da aka kwanta asibiti maganin ya ƙi aiki. Akwai kuma wanda kaza ta fara layi sai ya yi maza ya yanka ya kai wa mai suya. A unguwa irin Rafin Guza da ke bakin Kogin Kaduna, inda ruwa ke malala da damina, kashin kaji da mushen da aka jefar a kwata suna iya komawa rijiya da lambu.

Duniya ma ta riga ta auna mu. Tun 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Waken da Turawa suka ƙi, irinsa ne muke yin ƙosai da alala da shi. Ƙasar da ba ta auna abincinta na gida zai yi mata wuya ta dubi idon Amurka ta ce don lafiya ta hana kajinta.

Abin da Maganar Allah ke koya mana

Batun nan ba na tsarki da ƙazanta irin na shari'ar Musa ba ne. Markus 7 ya nuna abinci ba ya ƙazantar da zuciyar mutum. Abin da ke gabanmu shi ne ƙaunar maƙwabci da gaskiya a ciniki. A Kubawar Shari'a 22:8 an umarci mai gina gida ya kewaye rufinsa don kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau kansa. Wato Allah yana ɗora wa mutum nauyin haɗarin da ya iya hangowa bai hana ba. Littafin Firistoci 19:35-36 da Karin Magana 11:1 sun la'anci mudu biyu da ma'aunin zamba. Annabi Amos, a sura ta 8, ya tsawata wa 'yan kasuwar da ke rage mudu suna sayar wa matalauta sharar hatsi. Sayar wa talaka naman da ya narke sau uku, don an san ba shi da kuɗin kaza mai rai, irin wannan zunubi ne. Romawa 13 kuma ta hana mu ɗaukar fasa-ƙwauri a matsayin wayo.

Daga nan matsayinmu ya fito: ma'auni ɗaya ga kowace kaza, ko ta fito daga Amurka, ko Barazil, ko bayan gidan dattijon ikkilisiya. Kada gwamnati ta sayar da ƙa'idar lafiya don a rage mata haraji. Kada kuma ta fake da haramcin da ba ya hana komai. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki marar shinge ta Afirka a Yamai a watan Yulin 2019, matsin lamba na buɗe kasuwa kuwa ƙaruwa zai yi. In har za a tattauna batun kaji da kowace ƙasa, a fara da tambayoyin nan: wa zai duba kayan a tasha, da wane ɗakin awo, wa zai tabbatar da sanyi daga Legas zuwa Kaduna, wa za a hukunta in an saɓa? A kuma tuna da abin da ya sami Gana, inda kaji masu araha daga waje suka durƙusar da yawancin masu kiwo.

Ba za mu yi wa mai sayen kajin ƙanƙara hukunci ba. Tsadar masara da waken soya ta sa abincin kaji ya hau, gonaki da dama sun rufe, kazar gida ta fi ƙarfin iyalai masu yawa. Haramci ba tare da sauƙaƙa wa mai kiwo ba yana tura talaka ne hannun ɗan fasa-ƙwauri.

Abin da ke hannunmu

Zumuntar Mata da kwamitin abinci, in za a yi aure, bikin godiya ko taron ikkilisiya, a sayi kaza mai rai ko daga gonar da aka sani. Iyalai uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su saya kai tsaye daga mai kiwo. Katan marar suna da kwanan wata, ko naman da jini ya daskare a gindin ledarsa, alamar ya taɓa narkewa ce, a bar shi. A dafa kaza har ƙashi, a wanke hannu da wuƙa da sabulu kafin a taɓa latas ko tumatir. Wannan ya shafi shaidarmu ma: a Kaduna mun saba aika wa maƙwabtanmu Musulmi abincin Kirsimeti, kuma sanin inda nama ya fito da wanda ya yanka shi yana sa su karɓa da kwanciyar rai.

'Yan'uwa masu kiwo, ku kiyaye kwanakin jira bayan magani ko da mai saye yana tsaye da kuɗi a hannu. In kaji suka fara mutuwa da yawa, a sanar da ofishin likitan dabbobi, a binne mushen da zurfi nesa da ruwa. Fastoci da dattawa su gayyaci likitocin dabbobi da ma'aikatan lafiya da ke cikin ikkilisiya su koyar da jama'a, shugabanninmu kuma su tambayi wakilanmu a majalisa abin da ake sa hannu a kai da sunanmu.

Mu yi addu'a domin jami'an Kwastam da NAFDAC su ƙi cin hanci, domin masu wakiltar ƙasarmu a teburin ciniki, da kuma iyalan da nama ya gagare su. Ubangiji ya ba mu abincin yau da kullum mai lafiya, ya sa mudunmu ya zama na gaskiya. Amin.