Kafin mu ɗora wa na'ura laifi

Akwai wani dattijo, aminin mahaifina, da ya yi aikin jirgin ƙasa tun zamanin da ake hura wa injin wuta da kwal ɗin Inugu. Na yi shekaru ina roƙonsa ya bari in naɗi labarinsa, kullum amsarsa ita ce sai ya shirya. Wata Asabar cikin watan Afrilu ya aiko a kira ni. Na ɗauki kwamfutata da makirfo da 'yar akwatin nan da ke haɗa makirfo da kwamfuta ta ramin USB, wadda ma'aikatan situdiyo ke kira saun-kad, na same shi a zaure. Ya yi kusan awa biyu yana magana: yadda suke tashi daga Kano su ratsa Malam Madori su dangana da Nguru, yadda ake loda buhunan gyaɗa, da wani dare da ruwa ya ƙare wa injin a daji har mutanen wani ƙauye suka fito da tuluna. Ya yi dariya, ya yi shiru, a wani wurin ma muryarsa ta yi rawa.

Da na koma gida na kunna, sai na ji abin da ya sanyaya mini gwiwa. Bayan kowace 'yar daƙiƙa sai wani ƙara ya ratsa maganar, kas-kas-kas, kamar an watsa gishiri a garwashi, wasu kalmomin kuma an yanke musu kai ko wutsiya. Na koma wurinsa washegari na ce, "Baba, na'ura ce ta ba ni kunya." Ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, ai magana zarar bunu ce." Don dai kada in tafi haka nan, ya maimaita mini labarin cikin minti ashirin, a bushe, ba dariyar, ba tulunan.

Abin da ya fara zuwa raina shi ne abin da ke fara zuwa ran yawancinmu: an sayar mini da jabu, gobe in je kasuwa in sayo wata. Wani tsohon ɗalibina da ke aikin haɗa sauti a ɗaya daga cikin situdiyon Titin Gidan Zoo a Kano shi ya taka mini birki. Da na kai masa kuka, tambaya ɗaya ya yi: "Malam, wane irin ƙara ne? Kas-kas yake yi, ko zuuu, ko kuwa muryar ce ke fashewa?" Ni a wurina ƙara ƙara ne. A wurinsa kuwa kowanne da cutarsa, kuma kowanne da maganinsa. Abin da na koya a wannan yammacin shi nake son in raba da mai karatu, domin yau masu naɗar murya sun yi yawa a cikinmu: mawaƙa, da masu shirye-shiryen rediyo, da malamai masu sanya darasi a intanet, da ɗaliban aikin jarida.

Mu fara da kas-kas ɗin, tunda shi ya cuce ni. Aikin akwatin shi ne ta auna sautin da ke fitowa daga makirfo ta mayar da shi lambobi. Tana yin wannan awo sau 44,100 ko sau 48,000 a kowace daƙiƙa ɗaya. Na farkon shi ne ma'aunin faifan CD, na biyun kuma shi aka fi amfani da shi a aikin bidiyo. Kwamfuta ba ta karɓar waɗannan lambobi ɗaya bayan ɗaya. Ana tara su ne a wani ɗan ma'aji da ake kira bafa, in ya cika ta zo ta kwashe. Duk wanda ya taɓa kallon leburori ranar zuba dakin zai gane lamarin. In kwanon simintin ƙarami ne, dole a yi ta kai da kawowa ba hutu, kuma da mutum ɗaya ya yi tuntuɓe sai layin ya yanke. In kwanon babba ne, sawu ya ragu, ko an ɗan yi jinkiri aiki ba ya tsayawa.

Ga lissafin. In an sa bafa a 64 a kan awon 48,000, dole kwamfuta ta dawo ta kwashe sau 750 a daƙiƙa ɗaya. In an sa 512, ba ta kai sau 100 ba. Duk lokacin da ta makara, sai a samu giɓi a cikin sautin, wannan giɓin ne kunne ke ji a matsayin kas. Ni da hannuna na sa tawa a 64, domin na taɓa jin an ce ƙaramin bafa ya fi. Gaskiya ne ta wani ɓangaren: ƙaramin bafa yana rage tazarar da ke tsakanin lokacin da mutum ya yi magana da lokacin da zai ji kansa a hedifon, abin da ke damun mawaƙi mai bin kiɗa. Amma dattijon da ke ba da labari a zaure ba ya buƙatar jin kansa. Ko mawaƙin ma, yawancin waɗannan akwatuna suna da maɓallin da ke tura muryar makirfo kai tsaye zuwa hedifon ba tare da ta bi ta kwamfuta ba. Saboda haka matakin farko, wanda ba ya cin ko kwabo, shi ne a ɗaga bafa zuwa 256, ko 512, ko ma 1024, a sake gwadawa.

In ƙaran bai tafi ba, sai a tambayi abin da ke shagaltar da kwamfutar har take makara. Sau da yawa ba rashin ƙarfi ba ne, hidima ce ta yi mata yawa. Wi-Fi da Bluetooth, da sabunta manhaja da ke gudana a ɓoye, da manhajar tsaro da ke binciken fayiloli, duk suna iya riƙe ta na ɗan ƙiftawar ido, kuma wannan ƙiftawar ta isa. Akwai wata manhaja mai suna LatencyMon da ke nuna wa masu Windows wane ɓangare ne ke jawo jinkirin. Haka kuma kwamfutar tafi-da-gidanka takan rage gudunta don tattalin batir, har takan sa ramukan USB barci. Duka biyun ana iya kashe su a wurin saitin wuta. Sai kuma zafi. Kwamfuta in ta yi zafi da yawa takan sassauta da kanta don kada ta ƙone, kuma wanda ya san bazarar Kano, ya san ƙurar hunturu da ke toshe fankar kwamfuta, ba ya buƙatar dogon bayani. Ɗora ta a kan katifa ko darduma ƙara wa Barno dawaki ne.

Sannan akwai direba, wato 'yar manhajar da ke yin tafinta tsakanin akwatin da kwamfuta. A Windows, aikin sauti na sosai yana tafiya ne da tsarin ASIO, wanda kamfanin Steinberg na Jamus ya ƙirƙiro, kuma mafi yawan masu ƙera akwatunan suna ajiye nasu direban kyauta a shafinsu na intanet. Mutane da yawa suna soka akwatin, su ga fitila ta kama, su ɗauka shi ke nan. A sauko da direban asali, a kuma tabbata an zaɓe shi a cikin manhajar naɗar sautin. A duba kuma cewa awon da akwatin ke kai shi ne wanda manhajar ke kai. In ɗaya yana 44,100 ɗaya yana 48,000, ana iya jin kas-kas, ko murya ta fito da sauri da siranta, ko a hankali da kauri, kamar ba mai ita ba.

Na ƙarshe a wannan rukuni shi ne wayar USB ɗin kanta. Yawancin ƙananan akwatunan nan daga kwamfuta suke shan wuta, kuma ramin USB 2.0 bolt 5 da rabin amfiya kawai aka tsara ya bayar. In makirfon irin na situdiyo ne mai buƙatar bolt 48, daga wannan 'yar wutar akwatin ke haɗa masa. To, in aka soka ta a mahaɗar nan mai ramuka huɗu, tare da filashi da cajin waya, an raba tuwon mutum ɗaya ga mutum huɗu. A soka ta kai tsaye a jikin kwamfuta, da gajeriyar waya mai kyau, in rami ɗaya ya ƙi a gwada wani.

Rukuni na biyu shi ne zuuu ɗin nan mai kama da kukan ƙudan zuma daga nesa. Wannan ba ruwansa da bafa. Daga wutar lantarki yake. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma in wayarin gida ba shi da kyakkyawan haɗi da ƙasa, ko na'urorin suna kan soket daban-daban, ko caja maras inganci ce, sai wannan juyin ya kutso cikin sautin. Janareta da wasu inbatoci sukan ƙara nasu. Gwajin mai sauƙi ne: a zare caja, a bar kwamfuta a kan batir. In ƙaran ya ɗauke, an kama ɓarawo. Sai a haɗa duk na'urorin a kan soket ɗaya, a nisanta wayar makirfo da wayar wuta, a yi amfani da wayar XLR mai ƙafa uku, wadda aka tsara ta musamman don ta kore irin wannan kutse. Amma ina gargaɗi: kada wani ya ce a karya ƙafar ƙasa ta fulogi don ƙara ya tafi. Wannan ƙafar ita ce ke tsakanin mutum da jan wuta. Wayar salula kuma a ajiye ta nesa, ko a sa ta a yanayin jirgin sama, domin ita ma tana da nata dit-dit-dit ɗin da kowa ya taɓa ji a lasifika.

Rukuni na uku shi ne fashewar murya. Wannan laifin hannu ne tsantsa: an murɗa maɓallin ƙarfin makirfo ya wuce kima. Sautin kwamfuta yana da rufi, wato sifili a ma'aunin desibel, abin da ya wuce nan yankewa yake yi, kuma abin da aka yanke da wuya ya dawo daidai. In jar fitila tana ƙyaftawa, a rage. A bar mafi ƙarfin murya yana tsayawa wajen desibel 12 ƙasa da rufin. Sautin da ya yi ƙasa ana iya ɗaga shi daga baya, musamman in an naɗa a bit 24.

Abin da ya fi burge ni da yaron nan shi ne haƙurinsa. Bai taɓa abu biyu a lokaci ɗaya ba. Zai sauya abu guda, ya naɗi minti goma, ya saurara, ya rubuta a littafi, sannan ya matsa gaba. Na ce masa me zai hana mu gyara komai gaba ɗaya mu huta, ya ce, "Malam, in muka yi haka ya warke, ba za mu san abin da ya warkar da shi ba, ranar da ya dawo kuma mun koma gidan jiya." Da ya ɗaga bafa zuwa 512, yawancin kas-kas ɗin ya tafi. Da ya cire mahaɗar ya soka akwatin kai tsaye, ragowar ma ya tafi. Akwatin da na yi niyyar jefarwa lafiyarta ƙalau. Da na sayo sabuwa, da na dawo da ita kan saitin nan da mahaɗar nan, na sake tsine wa ɗan kasuwar da bai ji ba bai gani ba.

Wannan ɗabi'a ta gaggawar zargin kaya ta yi mana yawa, kuma tana cin kuɗin matasan da da ƙyar suka tara na kayan aikin farko. Jabu yana nan a kasuwa, ban musa ba. Amma kafin a yanke wa na'ura hukunci, hanya mafi adalci ita ce a gwada ta a wata kwamfutar. In can ma ta yi, to sai a yi maganar mayarwa. Ina kuma ganin ya kamata sassan koyar da aikin jarida a manyan makarantunmu su ɗauki wannan da muhimmanci. Ɗalibin da ya iya tsara tambayoyi amma bai iya sauraren abin da na'urarsa ke naɗa ba, wata rana zai dawo daga hira da hannu rabbana kamar yadda na dawo.

Babban kuskurena ma ba bafa ba ne. Na zauna awa biyu ban sa hedifon a kunne ba, ban yi gwajin minti biyar kafin mu fara ba, ban kuma ajiye wayata a gefe tana naɗa don ko-ta-kwana ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa a zauren Baba na fafe nawa. Waƙar da ta lalace ana iya sake rera ta gobe, amma dattawan da suka ga abin da ba mu gani ba kullum raguwa suke yi, kuma ba kowace rana bakinsu ke buɗewa ba.

Makon jiya na je gaishe shi. Da zan tashi ya ce akwai labarin wata tafiya zuwa Ƙaura Namoda da bai taɓa ba kowa ba, in damina ta faɗi zafi ya ragu zai aiko a kira ni. Tun daga ranar nake naɗar karatun jarida na minti goma kowace safiya ina saurare, littafin gwajina kuma yana nan kusa da kwamfuta.