Masu Sayar Mana da Ƙwarangwal da Sunan Insha'i

Ya 'yan'uwa ɗalibai da sababbin ma'aikata, akwai wata kasuwa da take ci a garuruwanmu wadda ya kamata mu dube ta da idon basira. Mai neman gurbin karatu a Ingila ko Kanada ko Ostireliya, galibi sai ya kawo sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS, wadda ta soma da wannan suna a 1989. A ɓangaren rubutu, aiki na biyu shi ne insha'i mai aƙalla kalmomi 250 cikin kimanin minti 40, makinsa kuwa ninki biyu ne na aikin farko. To, a nan ne wasu masu darasin kuɗi suka kafa rumfa.

Hajarsu ƙwarangwal ce. Wai ka buɗe sakin layin farko da "Firstly", na biyu da "Moreover", ka haddace jimloli masu ƙyalƙyali, sannan ko an tambaye ka cunkoson motoci, ko tarbiyyar yara, ka zuba duka a mazubi ɗaya kamar mai buga bulo. Ɗalibi ya biya kuɗi, ya haddace, ya shiga ɗakin jarrabawa yana taƙama da kayan aro, wanda kowa ya san ba ya rufe katara.

Abin takaicin shi ne, masu jarrabawar ba su ɓoye ma'auninsu ba. Abu huɗu suke dubawa: amsa tambayar da aka yi, haɗuwar zance da tsarinsa, yalwar kalmomi, da nahawu. Sun kuma bayyana cewa cusa kalmomin haɗi barkatai, ko jera su kamar inji, alama ce ta mataki na 5 ko 6 cikin 9. Jami'o'i da yawa kuwa 6.5 ko 7 suke nema don digiri na biyu. Wanda ya gaza sai ya sake biyan kuɗin rajista, wataƙila ma gurbin ya wuce shi. Wane mai darasi ne ya taɓa mayar wa ɗalibi ko kwabo?

Kada a ce muna gaba da tsari. Sakin layi na da tsari, amma tsarin tunani ne. Magana ɗaya tak yake ɗauka. A ce an tambaye mu ko ya dace karatun jami'a ya zama kyauta. Jimlar farko ta faɗi matsayi: kuɗin makaranta na kore 'ya'yan talakawa. Sai dalili: manomi ba ya ganin kuɗi sai da kaka, rajista kuwa ba ta jiran kaka. Sai misalin da ya tabbatar da wannan dalilin, ba wani dabam ba. Idan batun inda gwamnati za ta samo kuɗin ya faɗo mana, ya jira sakin layinsa. Biyu irin waɗannan sun wadatar a cikin minti 40.

Mu fa ba baƙi ba ne a wannan fage. Malamin zaure yakan kawo mas'ala, ya kafa hujja, ya buga misali, ba ya tsallakawa wata sai ya warware ta farko. Da wannan muka tashi, sai ga shi muna biyan kuɗi a koya mana mu manta.

Don haka muna kira ga ƙungiyar ɗalibai ta nemi ɗaki ɗaya kowace Asabar, ta gayyaci malaman Sashen Turanci, a ba da tambaya, a ɗora agogo a tebur, kowa ya rubuta, sannan ya miƙa wa na kusa da shi ya nuna masa inda sakin layinsa ya saki hanya.