Farashin Gida Ya Faɗi, Bashi Na Nan Daram

Duk wanda yake son ya ga irin ɓarnar da riba ke yi wa raunana, to ya dubi abin da ya faru a Amurka, cibiyar jari-hujja, daga shekarar 2006.

A can, da wuya mutum ya sayi gida da kuɗinsa lakadan. Banki ne zai ba shi bashi, ya riƙe gidan jingina, shi kuma ya yi ta biya da ruwa har shekara 30. Kafin 2006 bankunan sun yi ta ɗirka wa masu ƙaramin ƙarfi irin wannan bashi. Sai a sassauta ruwan a shekara biyun farko, daga nan ya hau. Aka ruɗe su da cewa farashin gida ba ya faɗuwa.

Sai ga shi ya faɗi. Tsakanin 2006 da 2012 ya zube da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. A misalta mutum ya sayi gidan Dala 200,000, ya ba da 10,000, ya ci bashin 190,000. Farashin ya sauko zuwa 145,000. 'Yan kuɗinsa sun narke, bashin kuwa ko gezau bai yi ba. Ko ya sayar da gidan, da sauran bashi a wuyansa. Zuwa 2010, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen da ke jingine a ƙasar, bashin da ke kansu ya fi ƙimarsu. Miliyoyin iyalai aka ƙwace wa gidaje.

To su kuma manyan bankunan fa? Bayan bankin Lehman Brothers ya durƙushe ranar 15 ga Satumba, 2008, majalisar dokokin Amurka ta amince da Dala biliyan 700 don ceto harkar. Mai ba da bashi ya sami mai ceto, mai cin bashi ya kwashe kayansa.

Nan ne zaluncin riba yake. Mai kuɗi ya tabbatar wa kansa ƙari, hasara kuwa a kan talaka take fara sauka. Ba banza Allah Ta'ala ya shelanta yaƙi da masu cin ta a ƙarshen Suratul Baƙara ba. A tsarin musharaka na Musulunci, in biyu suka haɗa kuɗi suka sayi gida, hasara ta kowa ce gwargwadon rabonsa.

Saboda haka 'yan uwa matasa masu shirin aure su yi hattara. Kafin ɗan uwa ya sa hannu a wata takarda, ko da an rubuta mata sunan Musulunci, ya tambaya: in farashi ya faɗi, wa zai ɗauki hasarar? In shi kaɗai ne, ya bar ta. Gara ya sayi fili, ya yi adashi, ya tara bulo, ya tayar da ɗaki ɗaya nasa na kansa, ya kwana ba mai bin sa.

Allah ya tsare mu daga riba, ya wadata mu da halal. Amin.