Wasannin Bidiyo Da Zancen Soyayyar Jinsi Ɗaya

Duk wanda ya ratsa unguwannin Suleja da la'asar ba zai rasa ganin wani ɗan shago ba inda samari suka yi cincirindo gaban talabijin. Galibinsu ƙwallon ƙafa suke bugawa a PlayStation, ana biyan kuɗi bisa kowane wasa, mai shago kuwa da wannan yake cin abinci. Amma fa na'urar nan, da wayar da ke aljihun yaro, suna ɗaukar waɗansu wasanni dabam, inda mai wasa ke gina gida, ya nemi aure, ya tara iyali. Da yawa daga cikinsu suna barin namiji ya nemi namiji, mace ta nemi mace.

Abin ba sabo ba ne. Tun 1998 wasan Fallout 2 ya ba da damar irin wannan aure, The Sims na 2000 kuma ya bar ƙofar soyayyar a buɗe. Abin da ya kamata mai karatu ya gane shi ne wasa ba fim ba ne. Fim ana zama a kalle shi daga farko zuwa ƙarshe, a yanke inda ba a so. A yawancin waɗannan wasanni kuwa al'amarin zaɓi ne, watau yana kwance sai mai wasa ya neme shi da hannunsa. Yara biyu sai su ƙare wasa guda, ɗaya ya gani, ɗaya bai ma san akwai shi ba. Akwai kuma waɗanda aka saƙa shi cikin labarin kansa, ba zaɓi, kamar The Last of Us Part II na 2020.

Kamfanonin kansu suna tsaka mai wuya. A 2014 masu wasa a Amurka suka yi ca a kan Nintendo don bai sa wannan zaɓi cikin Tomodachi Life ba, har ya fito ya ba da haƙuri. A 2018 kuma kamfanin EA ya janye The Sims FreePlay daga ƙasashe bakwai, ciki har da Saudiyya da Masar da Sin, ya ce saboda ƙa'idojin ƙasashen. A 2023 hukumar Saudiyya ta bayyana cewa Final Fantasy XVI ba zai shiga ƙasar ba, domin masu shi sun ƙi yin gyaran da aka nema. Ɗan kasuwa dai inda ciniki ya fi nauyi nan yake karkata.

To, ina uban da ke Suleja ya tsaya? Dokar ƙasa a fili take: a Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, Jihar Neja kuma tana cikin jihohin da suka ɗauki Shari'a tun 2000. Sai dai Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa a 1993 aka kafa ta, zamanin kaset, alhali wasa yanzu ta intanet yake saukowa cikin waya, ba ya bi ta kasuwa balle a tare shi. Wanda kuma ya huce fushinsa a kan mai shagon ƙwallo, lalle ya bar jaki yana dukan taiki.

Sau da yawa akan ce iyaye su duba lambar shekarun da ke jikin wasa. Shawara ce mai kyau, amma ba ta kai inda ake zato ba. Masu sa lambar a Turai da Amurka tsiraici da zub da jini da ashar suke aunawa, ba su bambanta soyayyar namiji da mace da ta jinsi ɗaya. Saboda haka The Sims 4, wanda Turai ta ce ɗan shekara 12 na iya bugawa, Rasha a 2014 cewa ta yi sai ɗan 18. Wasa ɗaya, ma'auni biyu. Makullin iyaye da ke cikin PlayStation da wayar Android ma da waɗannan lambobi na waje yake aiki. Uban da ke son sanin abin da ɗansa ke bugawa tilas ya tambayi sunan wasan, ya zauna gefensa ya ga yadda ake yinsa, ko da sa'a guda ce.