Daga Tabarmar Asusu: Ki faɗa wa likita kafin ya rubuta

  Wannan karon ba maganar riba ko tara za mu yi ba. Wani abu ne ya same mu a ƙungiyarmu, kuma mai abin da kanta ta ce mu rubuta, sai dai kar mu sa sunanta.

Shekara 6 tana cikinmu. Suyar awara take yi a bakin hanya, ba ta taɓa latti da zubi ba. Ashe baiwar Allah tana da farfaɗiya tun tana budurwa. Tana shan Tégrétol safe da dare, kuma shekara 4 cur ba ta faɗi ba. Mu 25 ne a ƙungiya, ba wadda ta sani. Daga mijinta sai uwarta.

Bayan rabon kuɗi na bara haƙori ya matsa mata, ta je aka cire. Aka rubuta mata ordonansi, cikinta har da tramadol mai miligiram 50 don zogi. Mai rubutawa bai tambaye ta ko tana shan wani magani ba, layi ya yi tsawo. Ita ma ba ta faɗa ba, don maƙwabciyarta ce ta raka ta, tana zaune a gefe. Ta saya a farmasi, da takarda, ba wurin ƴan tire ba. Ta sha, zogi ya lafa kaɗan ya dawo. Sai ta riƙa shan biyu maimakon ɗaya. Rana ta uku tana gaban kasko, ciwon ya kada ta, mai ya zube mata a hannu tun daga gwiwa har yatsu. Wata 2 ba ta yi suya ba, ga bashin jika 30 da ta ɗauka a akwati na waken soya da mai.

Da muka je gaishe ta, abin da ta ce ya tsaya mana a rai: "Yaya, ni fa ban sha na banza ba, likita ne ya rubuta. Kunya ce ta hana ni magana."

Da izininta muka kwashi kwalayen maganin duka, mu uku, muka je wurin majo na CSI ɗin unguwarmu. Muka ce ya yi mana bayani da Hausa, mu kuma muna rubutawa a littafi. Ga abin da muka samo.

Farfaɗiya ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Ba iskoki ba ne, ba jifa ba ne, kuma ba a ɗaukarsa ta yawu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 50 ke da shi a duniya, kuma har 7 cikin 10 za su iya daina faɗuwa in suna samun magani yadda ya kamata. Waɗanda aka fi ba mutane a wurarenmu su ne Gardénal, Tégrétol da Dépakine, wasu kuma Di-Hydan. Aikinsu kamar jingar da ke tare ruwa ne a damina. Muddin jinga tana tsaye da tsayinta, ruwa ba ya shiga gida. Akwai magungunan zogi da ke zaftare jingar nan.

Na farko shi ne tramadol, wanda muke ce wa tramol. Ko mai lafiya ya sha da yawa yana iya sa shi jijjiga, balle mai farfaɗiya, wanda ko awon da likita ke rubutawa yana iya tayar masa da ciwon. Sannan akwai tarko na biyu, shi ne ya kama ƴar'uwarmu. Tégrétol da Gardénal suna sa hanta ta yi saurin narkar da wasu magunguna. Tramadol na ciki. Sai ƙarfinsa na kashe zogi ya ƙare da wuri, mutum ya ga kamar bai sha ba, ya ƙara. Zogi bai tafi ba, haɗarin faɗuwa kuwa ya ƙaru. A likitance ko babba mai cikakkiyar lafiya ba ya wuce miligiram 400 a yini. Na tire kuwa akwai mai 200 da mai 225, kun ga ƙwaya biyu ta 225 ta riga ta tsallake iyaka. Ku lura kuma, ba kullum ake rubuta sunansa da manyan baƙaƙe ba. Ixprim, misali, tramadol ne haɗe da parasetamol. Topalgic da Contramal ma tramadol ne. Ƙananan baƙaƙen da ke ƙarƙashin sunan kwali su ke faɗin gaskiya.

Na biyu shi ne kodin da danginsa irin su morfin. Yana cikin Codoliprane da wasu magungunan tari. Shi matsalarsa barci da numfashi. Gardénal dama yana sa barci. In an haɗa shi da kodin, ko aka ƙara da Valium ko Rivotril, sai barcin ya yi nauyi, numfashi ya yi ƙasa. Mu a gida mu ce "bar ta ta huta", alhali ba hutu ba ne. Alamun da za su sa a nemi mota nan take: ana tashin ta ba ta tashi, numfashi yana jinkiri ko yana tsayawa yana dawowa da minshari mai nauyi, baƙin ido ya tsuke kamar kan allura, leɓe da farce sun yi toka-toka. Kar a ɗura mata ruwa ko nono ko manja. A kwantar da ita a gefe, a kai ta likita da kwalayen duka, don akwai allurar da ke warware irin wannan. Kodin ba na yaro ƙasa da shekara 12 ba ne, ba kuma na mai shayarwa ba.

Na uku allura ce, Acupan, wadda akan yi bayan tiyata ko in zogi ya yi tsanani. An hana yin ta ga wanda ke da farfaɗiya ko ya taɓa yin jijjiga. Wannan ya shafe mu ƙwarai mu mata, don a ɗakin haihuwa ko bayan fiɗa ba ma cikin halin dogon bayani. Tun a awon ciki ya kamata ungozoma ta sani, ta rubuta a karne.

Na huɗu asfirin, har da Aspégic na gari. Mai shan Dépakine ta kiyaye shi, don yana ƙara ƙarfin Dépakine a jini, kuma su biyun suna iya sa jini ya ƙi tsayawa da wuri. Yaro ƙarami mai shan Dépakine kam kar a ba shi asfirin sam.

Sai wata cikinmu ta ce: "To majo, mai farfaɗiya sai ta yi ta haƙuri da zogi ke nan?" Ya ce a'a. Zogin da ke hana barci shi ma yana tayar da ciwon, don haka dole a yi maganinsa. Parasetamol shi ne na gaba. Babba yakan sha ƙwaya 1 ko 2 masu miligiram 500, a bar awa 6 tsakani, kar a wuce ƙwaya 6 a yini sai likita ya ce, domin hantar mai shan Gardénal ko Tégrétol dama tana kan aiki. A duba kuma kar a sha shi sau biyu da suna daban, don yana cikin magungunan mura da yawa. Ibuprofen ma yawancin masu farfaɗiya suna iya sha na ƴan kwanaki bayan cin abinci, ban da mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu. In kuma zogin ya fi ƙarfin waɗannan, likita ya san abin da zai zaɓa da awon da zai rage, amma fa sai ya san da farfaɗiyar.

Abu biyu ya ja mana kunne a kai. Ko da wasa kar a ajiye maganin farfaɗiya don za a sha na zogi, wai kar magani ya yi yawa a ciki. Yanke shi lokaci guda yana iya kawo faɗuwa a jere wadda ke kisa. Na biyu, tramadol da kodin suna sa amai. In ta yi amai jim kaɗan bayan shan na farfaɗiya, wataƙila ya fita, a koma a tambaya maimakon a yi shiru. Wadda kuma ta daɗe tana shan tramol kullum, kar ta yanke shi ita kaɗai, ta je a rage mata a hankali.

In kuma ciwon ya kada mutum a gabanmu: mu janye wuta da kasko da duk abu mai kaifi, mu sa zane ƙarƙashin kai, kar mu danne ta, kar mu cusa cokali ko yatsa a baki. Da jijjigar ta lafa mu juya ta gefe. In ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa kafin ta farfaɗo, ko tana da ciki, ko ta ƙone, sai likita ba jira.

Da muka dawo muka zauna a tabarma. Gaskiya mun ga laifinmu mu ma. Sau nawa muka ji ana cewa kar a ci abincin mai farfaɗiya, kar a auri ɗiyarta, muka yi shiru? Mai awara ta san in maganar ta fita ciniki zai tsaya. Shi ya sa ta gwammace ta rufe baki a gaban likita. Tun 1991 da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, amana ce ke riƙe akwati. Mun iya riƙe sirrin bashin juna, ashe ba mu ba juna wurin faɗin sirrin ciwo ba.

Ga abin da muka yanke, ko wata ƙungiya za ta ɗauka. Duk mai shan magani na kullum, farfaɗiya ne ko hawan jini ko sukari, sakatariya za ta rubuta mata sunansa da awonsa a shafin farko na karne, a keɓe, ba a gaban taro ba. Wadda ta ji nauyin faɗa da baki sai ta miƙa karne kawai. Kowa ta zaɓi mace ɗaya da ta yarda da ita mai raka ta likita, kuma tana da damar cewa ƴar rakiya ta jira a waje. A tafi da kwalin maganin cikin jaka, a nuna wa mai rubuta ordonansi, a sake nuna wa mai farmasi, a ce: "Ina shan wannan kullum, sun dace?" Mun hana miƙa wa juna ragowar ƙwaya a wurin taro, ko da da kyakkyawar niyya. Sannan in maganin farfaɗiyar wata ko na ɗanta zai ƙare babu kuɗi, asusun taimako zai ranta ba riba.

Ƴar'uwarmu ta koma bakin kaskonta da tabo a hannu. Mun ɗaga mata bashin wata 3, ta kusa gamawa. Ranar da ta dawo taro, ita da kanta ta miƙe ta faɗi ciwonta a gaban kowa. Bayan an tashi, mata biyu suka ja ta gefe, ɗaya ɗanta ne, ɗaya ƙanwarta.

Masu karatu, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba a zamanku na wannan sati, kafin a buɗe akwati. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a zubinmu. Sai wata mai zuwa in muna da rai.